BATUREN DA DAWAKIN ZAZZAU SUKA KOMO DA SHI DAGA DUTSEN DARORO

Duk ɗan Arewan da ya taɓa barin Kurmi ya nufi gida ta hanyar Lafiya da Akwanga, ko kuwa a jirgin ƙasa na Fatakwal a zamanin da jirgin ke kan ganiyarsa, ya san inda ƙasa take sake kama. Da an doshi Gidan Waya sai a ga duwatsu sun tokare gaba kamar ganuwa, ga kurmi a gindinsu, ga hazo a kansu in da damina ne. Direbobin manyan motoci masu bi ta Hawan Kibo zuwa Jos su ne za su ba da labarin wannan ganuwa, don a nan ne mota mai lodi take nuna ko tana da lafiya. A bayan duwatsun kuwa ga Kagoro da Kafanchan, gaba kaɗan a kan hanyar Zonkwa ga Madakiya, wadda mutanenta Bajju ke kira Batadon, inda ruwan Matsirga ke zubowa daga tsawon da ya kai wajen ƙafa ɗari.

To, cikin 1827, da tsakiyar damina, wani saurayin Bature ya keto wannan ƙasa daga Kano da dawaki da jakuna da barori, yana neman hanyar da za ta fid da shi bakin teku. Sunansa Richard Lander. Shi ne Baturen farko da aka sani ya taka ƙasar Katab da ta Jama'a har ya rubuta abin da ya gani. Ya haye duwatsun lafiya, mutanen da aka ce masa za su cinye shi su suka yi ta ba shi abinci, amma duk da haka bai kai inda za shi ba.

BARAN DA UBANGIDANSA YA MUTU YA BARI

Lander ba wani babban mutum ba ne a garinsu. An haife shi cikin 1804 a wani gari da ake kira Truro a kudu maso yammacin Ingila, ubansa mai gidan saukar baƙi ne, shi kuwa tun yana yaro ya shiga barantaka, yana bin iyayen gida ƙasa ƙasa. Barantakar ce ta haɗa shi da Kyaftin Hugh Clapperton, wanda Gwamnatin Ingila ta aiko karo na biyu wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sun sauka Badagiri cikin Disamba 1825, suka bi ta tsohuwar Oyo da Busa, suka isa Kano cikin Yuli 1826, daga nan sai Sakkwato. Sauran Turawan da suka taso tare duk zazzaɓi ya kashe su, ko kuwa sun ɓace a hanya.

A Sakkwato abubuwa ba su yi daɗi ba. Lokacin ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, ga shi kuwa Clapperton na ɗauke da takarda da tsaraba zuwa ga Shehu Laminu. Sarkin Musulmi ya hana shi wucewa, aka kuma karɓe kayan. Baƙin ciki da ciwo suka taru suka kwantar da shi, ran 13 ga Afril 1827 ya mutu. Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da birnin, ya tattara takardunsa, ya nemi izinin komawa gida. Shekararsa 23 a lokacin, kuma babu wani ɗan ƙasarsu a tsakaninsa da teku.

Amma fa ba shi kaɗai ya yi tafiyar ba. Akwai wani dattijo Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. An kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi hannu hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgin Fotugis, jirgin yaƙin Ingila ya tare su ya 'yanta shi, ya zama ma'aikacin jirgin ruwa. Shi ne tafinta, shi ne kuku. Lander ya yi ƙorafi da shi ƙwarai a littafinsa, wai ga sata ga gudu ga yawan aure. Sai dai wanda ya karanta labarin da idon basira zai ga cewa duk maganar da aka yi da sarki ko da mai masauki a wannan hanya, da Hausa aka yi ta, kuma kaso mafi yawa ta bakin Pasko ta bi.

Abin da ke damun Turawa a wannan zamani shi ne ina kogin Kwara yake ƙarewa. Waɗansu sun ce tafkin Chadi yake faɗawa, waɗansu sun ce shi ne kogin Kwango, waɗansu ma sun ce Nilu ne. Lander ya ji a bakin fatake cewa akwai wani gari Funda, watau Panda ta Igbira, inda mutum zai shiga jirgi ya gangara har ruwan gishiri. Don haka da ya bar Kano a ƙarshen watan Mayu, ya wuce Bebeji, maimakon ya bi hanyar da suka zo ta Zariya da Nufe, sai ya karkata kudu ya bi hanyar fatake mai zuwa Katab.

TUWO DA MIYAR KUKA

Tun bai yi nisa ba aka fara ba shi tsoro. A wani gari aka nuna masa jerin duwatsu a gabas, aka ce can ne Yamyam suke, masu cin naman mutane. Wannan labari kuwa tsoho ne, don ko a Sakkwato an ba ubangidansa irinsa. Abin lura shi ne, ko'ina aka ba da labarin Yamyam, ba a garin suke ba, kullum suna bayan dutse na gaba. Kuma kullum mutanen da ake faɗa wa wannan suna su ne waɗanda ake kai wa hari a kamo bayi. Mai son ya kama mutum ya sayar, dole ya fara samo masa mummunan suna.

Abin da Lander ya tarar daban ne. A wani gari da ke gindin wani dutse mai tsayi, wanda kuraye da birai suka cika shi har kukansu ya hana shi barci, sarkin garin ya sauke shi ya aiko masa da tuwo da miyar kuka. Baturen ya rubuta cewa miyar ba ta ciwuwa. Mai karatun da ya shekara a Ikko ko Badun yana aika a kawo masa garin kuka daga gida, shi ya san wanda ya yi hasara a cikin wannan hukunci.

Gaba kuma ya iske waɗansu mutane da ba sa sa tufafi, matansu da ado a leɓe. Su ne irinsu na farko da ya gani. Suka taru suna kallonsa suna ta ƙyaƙyata dariya, shi ma yana kallonsu yana tasa, kafin wani lokaci sun saba kamar sun daɗe tare. Kowane ɓangare dai ya ga abin mamaki, su ga mutum ja kamar an feɗe shi ya naɗe jikinsa da tsumma cikin zafi, shi kuma ga su yadda Allah ya yi su. Ya yabi halinsu da fara'arsu, bai kuwa rubuta cewa wani a cikinsu ya ɗaga masa hannu ba.

A wannan hanya ce kuma ya gamu da abin da ya sa mutane da yawa na ƙasar suka gwammace zaman kan dutse. Ya ci karo da bayi wajen talatin, maza da mata da yara, ana kora su Sakkwato a matsayin gandu. An ɗaure mazan wuya da wuya da igiyar ƙirgi, ga agana ta kama su. Haka nan wata rana waɗansu mahaya biyu, 'yan saƙon Sarkin Zazzau, suka tsaya suka tambaye shi ina za shi. Ya ce Funda. Ba su ce masa kome ba, suka juya dawakinsu suka yi arewa. Shi dai bai ɗauki abin a bakin kome ba.

KASUWAR KATAB

Da ya haye kogin Kaduna, ruwa har haɓa, kaya a ka, sai ya isa wurin da ya rubuta sunansa "Cuttup", watau Katab. Ya sha jin sunan a hanya, ya zaci zai ga birni mai ganuwa kamar Kano ko Zariya. Sai ya tarar da ƙananan ƙauyuka jere kusa da juna, a ƙiyasinsa sun kusa ɗari biyar, a shimfiɗe cikin wani fili mai faɗi mai kyan gani. Wanda ya san ƙasar Atyap da ta Bajju zai gane wannan siffa, don har yanzu haka ake zama, kowane gida da gonarsa a kewaye, ba a cunkushe wuri ɗaya ba. A nan ne kuma, tun rabonsa da bakin teku, ya sake ganin ayaba da itatuwan kwakwa da yawa. Dalili kuwa shi ne duwatsun nan. Iskar damina mai tasowa daga teku tana zuwa ta bugi ganuwar ta sauke ruwanta, shi ya sa ƙasar Kafanchan ta fi sauran Jihar Kaduna samun ruwa, har ake noman citta da doya da gwaza, ake kuma samun manja.

Sarkin wurin, wani tsoho ne, ya karɓe shi hannu biyu biyu. Lander ya kai masa gaisuwar 'yan yaduna shuɗi da ja, da hoton Sarkin Ingila. Tukuicin da ya biyo baya shi ne tunkiya, da tozon shanu biyu, da dafaffiyar shinkafar da ya ce za ta ishi mutum hamsin. Matan sarki su goma suka zo ganin baƙo, idonsu ya faɗa kan maɓallan kwat ɗinsa masu ruwan zinariya. Ya yanke ya ba su, nan take suka maƙala a kunne. Kuɗin guzurinsa sun ƙare, sai ya baza allurai da duwatsun ado, mutane suka yi ta saye da wuri, ya sami abin da zai ci gaba da tafiya. Ashe shi ma ɗan koli ya zama.

Akwai wata tsohuwa da ta zo masa da kuka, ta ce maƙwabta sun dame ta da sata, duk ɗan abin da ta tara ta ɓoye a ɗaki sai a ɗauke, ya taimake ta da magani. Lander ya zuba mata man zaitun cikin cokalin shayi, ya ce ta tsiyaya a dokin ƙofa, ta kuma sanar wa kowa cewa duk wanda ya tsallaka ba da izininta ba, ransa ne. Tsohuwa ta yi ta godiya. Ƙarya ce dai ya yi mata, amma ya san yadda irin wannan magani ke ci, ba man ne ke tsare ɗaki ba, sanarwar ce.

Abin da ya fi muhimmanci a cikin abin da ya rubuta game da Katab shi ne kasuwa. Kullum take ci, mutane na zuwa daga nesa. Ga gishiri da kanwa da goro da taba, ga jan mulufi da saƙi, ga zobba da allurai da wuƙaƙe, ga zuma da shinkafa da nono. Ga shanun Fulani. A gefen shanun kuma ga bayi, ana tayawa ana sallamawa kamar yadda ake yi wa shanun. Wannan ita ce kasuwar zango, masaukin fataken da ke bi tsakanin Kano da Zariya da Bauci a arewa, da Keffi da bakin Binuwai a kudu. Hanyar ta kawo wa mutanen ƙasar gishiri da tufa da ƙarfe, ita ce kuma ta kwashe musu 'ya'ya. Zangon Katab da Kauru da Kajuru da Jama'a duk a ƙarƙashin Zazzau suke, kuma bayi na cikin abin da ake kai wa Zariya. Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar a farkon ƙarni na 20, sai suka bar mafi yawan waɗannan ƙabilu a hannun hakiman da ake naɗowa daga masarauta, tsohon miki bai sami warkewa ba.

Shekara 165 bayan wucewar Lander, a kan maganar kasuwar Zangon Katab ne jini ya zuba. Cikin Fabrairu 1992 aka yi rikici kan mayar da kasuwar wani sabon wuri, cikin Mayu abin ya sake tashi ya fi na farko muni, ya bazu har Kaduna, ɗaruruwan mutane suka hallaka. Atyap na cewa ƙasar da zangon ke kai tasu ce, kakanninsu suka ba baƙi masauki. Hausawan Zango na cewa kakannin kakanninsu a nan aka haife su, ba su san wani gida ba. Kowanne kuwa yana da gaskiyarsa a cikin abin da ya faɗa. Cikin 1995 aka ba Atyap da Bajju masarautunsu na kansu, amma wannan bai hana abin da ya faru a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan bayan zaɓen 2011 ba. Wanda ya ga Shagamu cikin 1999, ko kasuwar Shasha ta Badun cikin 2021, ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda zaman zango yake in ya ɓaci. Bambancin kawai shi ne, a Kurmi ɗan Arewa ya zo ne da tire da buhun albasa, a can kuwa akwai tarihin doki da igiya a bayan maganar, kuma masu ƙasar ba su manta ba.

DOKI YA FAƊA KWAZAZZABO

Daga Katab Lander ya miƙa kudu. Wanda ya duba taswira zai ga abin da ke tsakanin Zangon Katab da tsohuwar Jama'a, ƙasar Bajju ce da ta Kagoro da ta Fantsuwam da Kaninkon, watau inda Madakiya da Kafanchan suke a yau. A nan ne tudun ya ƙare, ƙasa ta karye ta gangara zuwa kwarin da ruwansa ke tafiya Binuwai.

Ranar da ya sha wuya ita ce ranar da suka shiga cikin duwatsun sosai. Hanya ta bi ta kan tsaunuka masu tsini, waɗansu in mutum ya leƙa ƙasa sai jiri ya ɗebe shi. A wani wuri turbar ta matse har dabba ɗaya ce kawai za ta iya wucewa. Dokin da ke ɗauke da akwatuna ya zo wucewa, akwati ɗaya ya bugi dutse, sai doki ya tuntsura ya yi ƙasa. Lander ya ƙiyasta ya gangara wajen yadi tamanin kafin igiyoyin kayan su sarƙe su tsai da shi. A cikin kayan tafiyar nan kuwa har da takardun Clapperton, watau duk abin da aka sha wahalar shekara ɗaya da rabi aka rubuta, aka kuma mutu a kai. Sa'a biyu suka ɓata kafin su fid da doki da kaya, abin mamaki kuwa dokin bai ji wani mugun ciwo ba.

Bayan sun ƙara tafiyar kamar rabin sa'a, sai suka fito wani wuri inda ƙasa ta buɗe a gabansu. Lander ya tsaya yana kallo, ya ce mutum na iya hango tafiyar kwana takwas daga nan. Ba ƙari ya yi ƙwarai ba, don wanda ya hau dutsen Kagoro, mai tsawon fiye da mita 1,200 daga bakin teku, in an ɗauke ruwa sama ta washe, zai ga kurmi da gonaki da rafuka shimfiɗe har inda ido ya gaza. Inda ya yi kuskure shi ne wajen sunaye. An nuna masa wani dogon dutse a gabas aka ce birnin Yakubu, watau Bauci, yana gindinsa, tafiyar rabin yini. Alhali kuwa tsakanin nan da Bauci ya fi mil ɗari, ga kuma dukan tudun Jos a tsakani. Baƙo abin da aka gaya masa yake rubutawa, mai rakiya kuma ba ya son a ce bai sani ba.

Abin da bai gani ba, ko kuwa bai gane ba, shi ne duwatsun nan garuruwa ne. Mutanen Kagoro a kan dutse da gindinsa suke, da kogunan dutse inda ake ɓoye mata da yara da hatsi in an ji ƙarar kofato, da shingen ƙyarana kewaye da gidaje wanda doki ba ya iya ketawa. Matsatsiyar turbar da ta kā da dokin Lander, ita ce ta sa mahayan Zazzau da na Jama'a ba su taɓa mallakar Kagoro ba. Abin da baƙo ya ɗauka mugunyar hanya ce, a wurin masu ita ƙofar gari ce. Shi ya sa ko da Turawa suka zo, Kagoro ta zauna da sarkinta, ba a ƙarƙashin wani sarkin yanka ba. Bikin Afan da ake yi ran 1 ga Janairu, wanda Sarkin Kagoro Gwamna Awan ya ɗaukaka a zamanin sarautarsa daga 1945 zuwa 2008, sunansa ma dutse yake nufi da harshensu.

Da yamma suka sauka a garin da ya rubuta "Dunrora", watau Daroro, mazaunin Fulanin Jama'a, wanda Malam Usman ya kafa sarautarsa wajen 1810 da izinin Zazzau. Lander ya ƙiyasta mutanen garin dubu huɗu. A lissafinsa saura kwana goma sha biyu ko sha uku ya kai Funda, daga can kuma kwana huɗu a jirgi sai teku.

MAHAYA HUƊU

Ran 19 ga Yuni da safe, yana cikin ɗaura kaya, sai ga mahaya huɗu da makamai sun shigo gari a sukwane, suka zarce ƙofar sarki. Ba a jima ba sarkin ya zo da jama'a a bayansa, ya ce wa baƙo ya shirya ya bi mutanen nan, Sarkin Zazzau na son ganinsa. Ashe mahayan nan biyu da suka tambaye shi hanya sun kai labari Zariya, cewa ga Nasara can ya nufi Funda da jakuna shaƙe da dukiya da wani kyakkyawan doki zai kai wa sarkin can. Lander ya yi roƙo, ya yi gardama, ba wanda ya saurare shi. Mahayan sun ce in suka koma ba shi, kawunansu ne.

Komawar ta fi zuwan wuya. Damina ta kankama, rafukan da ya haye da ƙafa sun cika sun batse, sai a kan itatuwan da aka ɗaɗɗaure ake ƙetare da kaya, dawaki kuwa su yi iyo. Atuni ya kama shi. A wani ƙauyen kan dutse inda suka yi kwanaki suna jiran ruwa ya janye, masu gari suka kawo masa abin da suke da shi, har da naman da bai iya ci ba, ya haƙura da dafaffen hatsi. Su ma dai ba su bar shi da yunwa ba. Sai ran 22 ga Yuli ya shiga Zariya, fiye da wata guda bayan an juyo da shi.

A fada aka gaya masa dalili: ana gaba tsakanin Sarkin Musulmi da Funda, in ya shiga can da kayan da aka san daga Sakkwato ya fito, kashe shi za a yi, saboda haka don a tsare ransa aka komo da shi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, gabar kuwa ba ta ƙare ba sai da mayaƙan Fulani suka rushe Panda bayan shekara ashirin da 'yan kai. Amma kuma babu sarkin da zai so a ce baƙo mai bindiga da tsaraba ya ratsa ƙasarsa ya kai wa abokin gaba, ya kuma gano hanyar da fatakensa ke bi. An yi masa karamci, aka sallame shi bayan kwana biyu, amma ta hanyar Nufe da Yarabawa, hanyar da ya riga ya sani.

Ran 21 ga Nuwamba ya isa Badagiri. A nan ne, ba a cikin duwatsu ba, ya fi kusa da mutuwa. Fotugis masu fataucin bayi suka kai sararsa wurin manyan gari, suka ce ɗan leƙen asirin Ingila ne. Aka kira shi gaban taro aka miƙa masa ƙoƙo cike da wani ruwa mai ɗaci, irin abin da Hausawa ke kira shan gwaska, in mai laifi ne ya mutu, in ba shi da laifi ya tashi. Ya shanye, ya fice da sauri zuwa masaukinsa, ya sha maganin amai da ruwan ɗumi ya amayar. Da aka ga ya kwana ya tashi, sai gari ya koma girmama shi. Wani jirgin Ingila ya ɗauke shi a farkon 1828, ya isa gida cikin Afril da takardun ubangidansa, aka buga su cikin 1829 tare da labarin tasa tafiyar.

WAƊANDA SUKA BIYO SAWU

Shekara arba'in bayan haka wani Bajamushe, Gerhard Rohlfs, ya yi abin da aka hana Lander. Ya taso daga Tarabulus ya keta Sahara zuwa Kukawa, ya zo Bauci cikin Janairu 1867, ya haye duwatsu ya sauko Zangon Katab, ya ratsa ƙasar Bajju zuwa Keffi, ya shiga jirgi a Binuwai zuwa Lakwaja, daga nan Ilori da Badun, ya iso Ikko a ƙarshen watan Mayu. Hanyar fatake ya bi tun daga farko har ƙarshe, masaukinsu ne masaukinsa.

Na bayansa ba baƙunci ya kawo su ba. Daga 1905 sojan Ingila suka fara hawa duwatsun Kagoro da bindiga mai ruwa, ana ƙone gidaje ana karɓar haraji. Wani jami'insu da ya yi aiki a Jama'a, Manjo Tremearne, ya buga littafi cikin 1912 wanda tun daga sunansa ya kira mutanen ƙasar masu wutsiya masu farautar kawuna, alhali wutsiyar wani ado ne da matan aure ke ɗaurawa a baya. Tsohon labarin Yamyam ne ya sake riga. Cikin 1927 hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna da ta Jos a Kafanchan, cikin 1933 Sarkin Jama'a ya tashi ya koma can, hanyar fatake ta mutu, mutanen Kurmi suka fara zuwa su ma suna zaman baƙunci a bakin tasha.

Shi kuwa Lander ya komo cikin 1830 tare da ƙanensa John, da Pasko har wa yau. Suka shiga jirgi a Busa suka gangara Kwara, aka kama su kusa da Asaba, aka kai su wurin Sarkin Abo, wani sarkin Brass ya fanshe su ya kai su bakin teku cikin Nuwamba. A hanya suka wuce inda Binuwai ta haɗu da Kwara, suka kuma sami labarin cewa Funda ba a bakin Kwara take ba, ta wajen Binuwai take. Watau da an bar shi ya wuce Daroro, da Binuwai zai fara tararwa, ita kuma ta kai shi Kwara shekara uku kafin wannan lokaci, in Funda ta bar shi da rai. Ya sake komowa karo na uku cikin 1832 da jiragen tururi na 'yan kasuwar Libaful. A farkon 1834 aka harbe shi a cikin fadamun bakin Kwara, aka kai shi tsibirin Fanando Po, ya mutu can cikin Fabrairu, saura 'yan kwanaki ya cika shekara talatin.